Matambayi Ba Ya Ɓata: Littafin adireshin intanet, a hannun gwamnati ko a hannun masu sana'ar?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Wannan makon saƙonnin da suka taru min duk kusan wuri ɗaya suka dosa, wato maganar wa ya kamata ya riƙa raba adireshin intanet a ƙasa, shine nace bari in haɗa su in amsa gaba ɗaya. Na ɗan rage tsawon wasu, masu su su yi haƙuri.

Malam barka da aiki. Ni injiniya ne a wani ƙaramin kamfanin intanet a nan Kano, mu ne masu ɗaura wa otel da makarantu waifai. Muna shirin neman adireshin IP namu na kanmu don mu daina aro wajen manyan kamfanoni, amma labarin shari'ar da ake ta yi da AFRINIC ya sa jikinmu ya yi sanyi, ga kuɗin kuma da dala ake biya, dalar da ka san halin da take ciki. Wai don me Najeriya ba za ta buɗe ofishin rajistarta a ƙarƙashin hukumar sadarwa ta NCC ko hukumar fasahar zamani ta NITDA ba, mu je Abuja mu biya da naira mu huta? Naji ance Indiya da Japan haka suke yi. Daga wani injiniya, Kano.

Ɗan'uwa sannu da ƙoƙari, kai ka san abin amma bari in ɗan ja baya saboda sauran masu karatu. Duk na'urar da ta hau intanet sai da lamba, ita ce adireshin IP, kuma sharaɗin kawai shine kar mutum biyu su riƙe lamba ɗaya a fili, in ba haka ba saƙon wani ya tafi gidan wani. Tsohon tsarin da ake kira IPv4 lambobinsa biliyan 4.3 ne kacal, lokacin da aka tsara shi ba wanda ya zaci mai sayar da rake ma zai riƙe waya mai data. Babban rumbun yana hannun IANA, hukumar da ke riƙe da lambobin duniya baki ɗaya, ita ke ɗibar wa hukumomi biyar na yankuna, RIPE NCC a Amsterdam mai kula da Turai da Gabas ta Tsakiya, APNIC a Brisbane ta Ostireliya mai kula da Asiya, ARIN a Amurka, LACNIC a Montevideo ta Urugwai, sai autarsu AFRINIC tamu da ke tsibirin Morishus wadda aka amince da ita a 2005. Ranar 3 ga Fabrairun 2011 IANA ta raba ragowar abin da ke rumbunta na IPv4 ta karkaɗe buhu, tun daga nan lamba ta zama kadara, har aka kai lokacin da ake sayar da adireshi ɗaya dala 50 a kasuwar bayan fage da ta fili. Shi ya sa ko kun nema yau, abin da AFRINIC za ta ba ku a karo ɗaya ba zai wuce 1,024 ba, ƙa'idar kenan tun farkon 2020.

Toh su waɗannan hukumomi ba gwamnati ba ne, ƙungiyoyi ne na mambobi, kamfanonin intanet da jami'o'i da bankuna, su ke zaɓen shugabanni, ƙa'idar rabon kuma a taro ake yanke ta, kowa na iya zuwa ya yi magana ko da ba mamba ba ne. Ba su da ɗan sanda ko soja. Ni kullum da uwar adashe nake kwatanta su, littafi kawai ke hannunta, wance ta zuba wance ta kwasa, ranar da mata suka daina yarda da abin da ta rubuta shikenan adashe ya watse ko da littafin na nan lafiya lau.

Abin da ka ji game da Indiya da Japan gaskiya ne amma an haɗa maka abu biyu da ba su yi kama ba. A yankin APNIC akwai ofisoshin rajista na ƙasa guda bakwai, JPNIC a Japan, KRNIC a Koriya ta Kudu, CNNIC a Sin, TWNIC a Taiwan, VNNIC a Biyetnam, IDNIC a Indunusiya, da IRINN a Indiya. A yankin LACNIC kuma akwai na Brazil da na Meziko. Turai babu, Amurka babu, Afirka ma babu ko ɗaya. Kuma in ka leƙa cikin bakwai ɗin nan sai kaga kowanne da irin tasa haihuwar. Na Japan masana da 'yan jami'a ne suka fara shi tun farkon shekarun 1990, daga baya ya zama ƙungiyar mambobi mai rajista, ba ma'aikata ba ce. Na Indunusiya yana hannun APJII, ƙungiyar kamfanonin intanet da aka kafa a 1996, wato masu sana'ar ne da kansu. Amma na Biyetnam sashe ne na ma'aikatar gwamnati kai tsaye, na Koriya yana cikin KISA wadda hukumar gwamnati ce kuma doka ce ta majalisa ta tsara yadda za a tafiyar da adireshi a can, na Sin ya fara a 1997 a ƙarƙashin cibiyar nazarin kimiyya ta ƙasar, a ƙarshen 2014 aka mayar da shi ƙarƙashin hukumar da ke sa ido kan intanet. Indiya ita ce ta tsaya a tsakiya, IRINN na cikin NIXI, kamfani ne da ba na neman riba ba wanda aka kafa a 2003, masu kamfanonin intanet na ciki amma babban sakataren ma'aikatar fasaha shi ke kan kujerar shugaba. Sun daɗe suna nema kafin APNIC ta amince musu a 2012, kuma hujjarsu irin taka ce sak, a biya da rufi maimakon kuɗin waje, a samu wanda za a kira a waya ya ji yarenka.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya ka duba. Ƙa'idar APNIC ta ce ofishi ɗaya tak za a amince da shi a kowace ƙasa, kuma sai ya zo da amincewar hukumar gwamnatin da abin ya shafa a rubuce. Dalilin a fili yake, in ba haka ba gobe ƙungiya biyu su taso kowace tace ita ce ta ƙasa, wa zai raba gardama? Amma wannan sharaɗin shi ne kuma ya ba gwamnati makulli, in ba ta sa hannu ba ko kamfanoni ɗari sun haɗa kai ba abin da zai motsa, in kuma za ta sa hannu tana iya cewa sai dai a ba ni kujerar shugaba. Abin da ya hana lamarin zama danniya abu biyu ne. Na farko ofishin ƙasa ba shi da ikon ƙirƙiro ƙa'idar da ta saɓa wa ta yankin, lambobin ma daga rumbun APNIC suke fitowa, shi dai dillali ne mai amana. Na biyu, a ƙa'idar APNIC kamfani na da damar tsallake ofishin ƙasarsa ya tafi Brisbane kai tsaye in bai gamsu ba. Wannan ƙofar baya ita ce a wurina ta fi komai muhimmanci, don ofishin da ya san za ka iya barinsa shi ke ɗaga waya in ka kira.

Kuma kar ka manta, APNIC ɗin da ta fi kowa sanin wannan tsarin ita da kanta ta dakatar da karɓar sabbin ofisoshin ƙasa tun 2012, bayan na Indiya ba a ƙara ko ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Saboda haka amsata gare ka, biyan naira da samun ofishi kusa buƙata ce ta gaskiya ban raina ta ba, amma ofishi a Abuja ba zai haifo lambar IPv4 ko ɗaya ba, abin da ya rage a rumbun AFRINIC shi za a ci gaba da gutsura, kuma in uwar ta shiga kotu 'yar ma tana ciki. In kuma za a yi shi, ni ban goyi bayan a ɗora shi a cinyar hukumar da ke ba ku lasisi ba. Wanda ke da ikon ƙwace lasisinka, ka ƙara masa da ikon goge sunanka a littafin adireshi, kaga ka haɗa masa wuƙa da nama. Ku nemi naku yanzu, ku haɗa da IPv6, wato sabon tsarin lambobin, tunda shi ba ƙarancinsa ake ba.

Malam ni ɗaliba ce mai karatun kwamfuta a Zariya. Ba mu da NiRA ba? Na ɗauka ita ce ke wannan aikin.

Ƙanwata ba ke kaɗai ba, mutane da yawa na haɗa su. NiRA suna take rabawa, wato duk adireshin da ya ƙare da .ng, ita kuma AFRINIC lamba take rabawa. Kamar sunan da kika yi wa ƙawarki sabin a waya ne da ainihin lambar wayarta, sunan don ke ne, lambar ita netwok ya sani. Suna yana da ƙasa tun asali, .ng namu, .ne na Nijar, .gh na Gana, amma lamba ba ta da ƙasa, kamfani ɗaya na iya amfani da rukunin lambobinsa a Legas da Yamai da Accra lokaci guda.

Sai dai tambayarki ta yi amfani don tarihin NiRA darasi ne a kan wannan magana. An yi shekaru ana ja-in-ja kan wa zai riƙe .ng, sai da gwamnatin Obasanjo ta shiga tsakani, aka kafa NiRA a 2005 a matsayin ƙungiyar masu ruwa da tsaki, NITDA ta tsaya a madadin gwamnati aka yi yarjejeniya da ita, amma gudanarwar yau da kullum aka bar wa ƙungiyar. Wato gwamnati ta raba faɗa, ta sa albarka, ta koma gefe tana kallo. In har wata rana za a yi ofishin lambobi a ƙasar nan, inaga daga nan ya kamata a fara kwaikwayo.

Malam ina karanta shafinka amma wani lokacin kana ba ni haushi. Kullum ku 'yan boko sai ku ce "al'umma, al'umma", wace al'umma? Mutum ɗari biyu masu kamfani da suka iya Turanci suna yawo otel otel da sunan taro su ne al'umma? Gwamnati ko ba komai zaɓenta aka yi, kuma in aka yi damfara ko ta'addanci ta intanet ita za a zaga. Su waɗannan wa ya zaɓe su? Ka dubi abin da suka mayar da AFRINIC. Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, na yi shekara 33 ina aiki kafin in yi ritaya. Daga Kaduna.

Ranka ya daɗe Baba, na karɓi faɗan, kuma wallahi rabin maganarka ba ni da abin cewa a kai. Kalmar nan al'umma ana ɓoye abubuwa da yawa a bayanta. Taron da ake yi da Turanci da Faransanci, a birnin da sai ka hau jirgi, wanda ke da kuɗin tikiti da lokacin karanta dogayen takardu shi ke da baki, mai ƙaramin kamfani a Gusau ko Damagaram bai ma san ana yi ba. Kuma AFRINIC da ka ambata ba zan kare ta ba. A 2019 'yan jarida da masu bincike suka bankaɗo cewa an yi shekaru ana sauya bayanai a littafin ana karkatar da adireshi, binciken hukumar da kanta ya gano sama da miliyan 4 abin ya shafa, kuma daga cikin gida aka yi. Sannan ga rikicinta da Cloud Innovation, kamfanin da ke da rajista a Seychelles wanda aka ba adireshi wajen miliyan 6.2 tsakanin 2013 da 2016. Hukumar tace ana ba da hayarsu a wajen Afirka saɓanin abin da aka nema dominsa, kamfanin yace ba ƙa'idar da ta hana, aka tafi kotu, a Yulin 2021 kotun Morishus ta rufe asusun bankin hukumar na wasu watanni, shari'a ta haifi shari'a har suka kai gommai, daga 2022 babu cikakken kwamitin gudanarwa, a Satumban 2023 kotu ta naɗa mai riƙon ƙwarya. Da aka zo zaɓe a Yunin 2025 sai aka dakatar da shi ana dab da rufe ƙuri'a saboda gardama kan takardar wakilci, wato wani ya zo yace wane ne ya wakilta shi ya jefa masa, aka soke zaɓen gaba ɗaya sai a Satumba aka sake. Baba kai da ka ga zaɓuka a ƙasar nan nasan wannan bai zo maka da mamaki ba. Duk nahiya guda littafinta ya rataya a kan dokar kamfanoni ta tsibiri ɗaya, shekara uku ba shugabanci. Wanda yace maka masu sana'a ba sa cin amana ko kuɗi ba ya sayensu, bai faɗa maka gaskiya ba.

Inda muka rabu shine maganin. Ka tuna dokar filaye ta 1978 da ta ɗauki ƙasa ta danƙa wa gwamna amana? An yi ta ne da hujja mai kyau, a hana masu kuɗi da masu sarauta wawure filaye. Toh kai da ka yi aikin gwamnati ka fi ni sanin yadda takardar mallakar fili ta koma, wa ke samu cikin sati biyu, wa ke shekara bakwai yana zarya, da yadda sabon gwamna ke soke ta tsoho. Gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Kuma shi fili ko an soke takardarka yana nan inda yake, ita lamba ba ta da wani jiki sai abin da aka rubuta a littafi da yardar da sauran duniya suka yi da rubutun.

An ma taɓa gwada kawo shawararka a matakin duniya. A 2004 Houlin Zhao, wanda a lokacin babban darakta ne a hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya wato ITU, daga baya ya zama shugabanta, ya kawo shawarar a ware wa kowace ƙasa kasonta na IPv6 gwamnati ta riƙa rabawa, a tafi da tsarin biyu kafaɗa da kafaɗa. An yi shekaru ana muhawara, ƙasashe masu tasowa da yawa abin ya burge su don sun ga yadda Amurka ta kwashi kaso mafi tsoka na IPv4 tun kafin wasu su farka, kuma haushinsu na kan hanya. Amma injiniyoyi suka ce hanyoyin intanet ba iyakar ƙasa suke bi ba, layin kamfanoni suke bi, in aka yanka lambobi ƙasa ƙasa jadawalin da manyan rautoci, wato na'urorin da ke nuna wa saƙo hanya, ke ɗauka zai kumbura, ga kuma ƙa'ida kusan 200 maimakon biyar, mai neman zamba sai ya zaɓi ƙasar da ta fi sakaci. Maganar ba ta kai ko'ina ba.

Misalin da ni ya fi kwanta min a rai Brazil ne, kuma inaga kai ma zai yi maka don gwamnati na ciki dumu dumu. Suna da kwamiti mai suna CGI.br tun 1995, a 2003 shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar da ta tsara kujerunsa 21. Gwamnati na da 9, 'yan kasuwa 4, ƙungiyoyin farar hula 4, masana kimiyya da jami'o'i 3, sai kujera ɗaya ta wani gogaggen masanin intanet. Ka lissafa, gwamnati ta fi kowane ɓangare yawa, ita ke jagorantar zama, amma 9 ba ta kai rabin 21 ba, ba ta isa ta yanke komai ita kaɗai ba sai ta shawo kan wasu, su ma 'yan kasuwa ba su isa ba. Wakilan ɓangarorin nan kuma ba minista ke naɗa su ba, mutanensu ke zaɓensu na shekara uku uku. Aikin yau da kullum, rajistar .br da rabon lambobi, yana hannun NIC.br wadda ba ma'aikata ba ce, kuɗinta daga rajistar suna yake fitowa ba daga baitulmali ba, shi ya sa ba a iya horar da ita da yunwa. Da wannan kuɗin suka gina IX.br, mahaɗar intanet da ke cikin mafi girma a duniya.

Kar kuma in yi maka ƙarya ince can aljanna ce. A Agustan 2017 gwamnatin Michel Temer ta buɗe shirin sauya fasalin kwamitin ba tare da ta tuntuɓi sauran mambobin ba, aka yi ca a kanta har ta sassauta. Abin da doka ta shugaban ƙasa ta bayar wata dokar na iya ƙwacewa. Amma dai kaga an samu waɗanda suka yi ihun, don akwai kujerun da ba na gwamnati ba kuma masu su sun san nasu ne.

Toh Baba tambayarka ta wa ya zaɓe su tana nan daram, ni dai ƙari nake mata, in sun ɓata wa zai iya cire su, kuma cikin wata nawa? Ita ya kamata a yi wa mai kamfani, ita kuma ya kamata a yi wa babban sakatare. Allah ya ƙara girma, a ci gaba da ja mana kunne.

Malam tsakani da Allah in gwamnati ta riƙe wannan rajistar za ta iya kashe wa mutane intanet da ita? Mu nan mun ga rufe netwok a 2021 ba mu manta ba. Daga wani ɗan kasuwa, Gusau.

Alhaji Allah ya kiyaye gaba. Rufewar da aka yi muku a Satumban 2021 ba ta bi ta kan rajista ba, umarni aka ba kamfanonin waya ta hannun NCC suka kashe turakunsu, haka ma toshe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Wato gwamnati ba ta buƙatar littafin kafin ta rufe. Amma littafin na ƙara mata wani abu daban, kuma ƙarfinsa ƙaruwa yake.

Da can abin da ke cikin littafin shaida ce kawai, kowane kamfani na shelanta wa maƙwabtansa cewa lambobi kaza ta wurina ake zuwa musu, su kuma su yarda. A Fabrairun 2008 Pakistan ta so toshe YouTube a cikin gida, kamfanin sadarwarta ya yi shelar cewa lambobin YouTube nasa ne, shelar ta tsallaka waje, YouTube ya ɗauke a kusan duk duniya na wajen awa biyu. Mu ma an yi da mu, a Nuwamban 2018 kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya karkatar da zirga-zirgar Google ta bi ta Rasha da Sin na minti 74, kamfanin ya fito ya amsa cewa kuskure ne. Don maganin irin wannan aka kawo RPKI, wani hatimi na dijital da hukumar rajista ke bugawa cewa lambobin nan na wane ne, manyan kamfanonin duniya da yawa yanzu in shela ta saɓa wa hatimi watsar da ita suke. Abu mai kyau, amma ka juya shi, mai buga hatimi in ya sauya shi ya nuna wani, sai a wayi gari rabin duniya ba ta ganin kamfaninka. A da magatakarda ne, yanzu ya fara zama mai gadin ƙofa.

Shi ya sa hukumomin nan ke gudun a ja su cikin siyasa ko ta wane ɓangare. Da Rasha ta afka wa Yukiren a 2022, ministan fasahar Yukiren na lokacin Mykhailo Fedorov ya rubuta wa ICANN, mai kula da sunayen intanet na duniya, da RIPE NCC yana neman a janye wa Rasha sunayenta da lambobinta, duka biyun suka ƙi, duk da kusan duk Turai na bayan Yukiren. A nan Afirka ma an gwada ta ɗaya gefen, a 2017 bayan Kamaru ta rufe intanet a yankunan masu Turanci na wata uku, wasu suka kawo shawara a AFRINIC cewa duk gwamnatin da ta rufe intanet a hana ta adireshi na shekara guda. Niyyar mai kyau ce, ni kaina a lokacin raina ya so, amma taron Nairobi ya ƙi amincewa, kuma daga baya na gane sun fi ni gaskiya, ranar da littafi ya zama bulala kowa zai nemi ya riƙe ta, kuma gwamnatoci sun fi mu ƙarfin hannu.

Sai dai kar a ɗauka su ma sun fi ƙarfin doka. RIPE NCC a Holan take, dole ta bi takunkumin Tarayyar Turai, ta daskarar da rajistar wasu mambobinta na Iran da Siriya saboda haka. Kowane littafi a wata ƙasa yake ajiye kuma akwai alƙalin da ke iya kiransa.

Malam ni fa duk wannan bai dame ni ba, data nake saye in hau TikTok. Ina ruwana? Daga wani matashi, Maraɗi.

Yaro kai ma kana ciki baka sani ba. Kashe waifai ka bar data, ka shiga saitin wayarka wajen bayanin waya ka duba adireshin IP, galibi za ka ga ya fara da 10 ko 100. Sannan ka buɗe burauza ka tambayi Google adireshinka, za ka ga wata lamba daban, watakila mai farawa da 41 ko 102 ko 105 ko 197, waɗannan duk daga rumbun AFRINIC suke. Ta farkon ta cikin gida ce, ta biyun ita duniya ke gani, kuma ba kai kaɗai ke kanta ba, saboda ƙarancin lambobi kamfanin ya ɗora ku da yawa a kan guda ɗaya kamar fasinjan a-kori-kura. Shi ya sa wani lokacin shafi zai ce ka tabbatar kai ba mutum-mutumi ba ne, ka yi ta zaɓen hoton mota da fitilar titi alhali ba ka yi komai ba, wani ne can da kuke lamba ɗaya ya yi ɓarna aka shafa muku baƙin jini tare.

In kana da sauran data, kwafi lambar ta biyun ka sa a wurin binciken whois na AFRINIC, zai fito maka da sunan kamfanin da aka ba ta, da adireshin ofishinsu, da imel ɗin da ake kai ƙara in an yi ɓarna da ita. Wannan shafin da ka gani shine littafin da su Baba na Kaduna ke faɗa a kansa. Gwada ka turo min abin da ya fito maka.